Kafin Ka Sayi Fom ɗin Mastas: Magana da Ƙannena na Tambuwal da Kebbe

Ranar ɗaurin auren wani ɗan ƙanen mahaifina a Tambuwal, an shafa fatiha jama'a sun fara watsewa, ina laluben takalmina a ƙofar masallaci, sai wani saurayi ya rusuna ya gaishe ni. Ya ce, "Yaya, in ba za ka damu ba, shawara nake nema." Muka koma inuwar wani dogonyaro muka zauna. Labarinsa irin wanda kunnena ya saba da shi ne. Tun yana firamare ake kiransa likita a gida. Ya zauna jarrabawar JAMB sau uku yana neman likitanci, a karo na uku aka ba shi bayokemistiri, ya karɓa don kada a yi biyu babu. Ya gama, ya yi bautar ƙasa, ya dawo gida yana zaune. Kwanan nan ya ci karo da wani talla a intanet, wai akwai digiri na biyu a kimiyyar lafiya wanda ake yi cikin shekara ɗaya, daga shi sai makarantar likitanci. Har mahaifinsa ya ce zai sayar da bijimai biyu.

Na ce, jami'ar da ta yi tallan a wace ƙasa take? Ya duba waya ya ce Amurka. Na ce to gyara zama.

Abin da na gaya masa a ranar shi nake so ku ji, ku ƙannena maza da mata, daga Dogon Daji zuwa Sanyinna, daga Jabo zuwa Kebbe da Kuchi, musamman waɗanda suka karanta bayokemistiri, ko ilimin ƙananan halittu, ko ilimin sassan jikin ɗan Adam da yadda suke aiki. Na san kuna da yawa, na kuma san da dama cikinku ba da son ransu suka shiga waɗannan kwasa-kwasai ba. Ni ma ta nan na biyo.

Tallan gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar ƙasarsu. A Amurka ba a shiga likitanci daga sakandare. Sai mutum ya yi digirin farko na shekara 4, ya zauna wata jarrabawa da ake kira MCAT, sannan ya nemi makarantar likitanci ya ƙara wasu shekaru 4. Wanda sakamakonsa na digirin farko ya yi rauni, shi ne ke tsayawa ya yi mastas na shekara ɗaya, inda ake koya masa darussa irin na 'yan ajin farko na likitanci, don ya nuna wa masu ɗaukar ɗalibai cewa zai iya. Jami'ar Georgetown da ke Washington tana gudanar da irin wannan shiri tun 1975. Ko a can ɗin ba a yi wa kowa alkawarin gurbi ba, kuɗinsa dubban daloli ne masu yawa, kuma makarantun likitancinsu kaɗan ne ke karɓar baƙo. Bijimai biyu ba su kai ko'ina ba.

Mu nan tsarin Ingila muka gada. Likitanci digirin farko ne, shekara 6, ƙofarsa biyu: ko ta jarrabawar JAMB a fara daga ajin farko, ko ta shiga kai-tsaye a faɗa aji biyu. Babu ƙofa ta uku mai suna mastas. Kana iya yin digiri na biyu a ilimin sassan jiki, ka ɗora da digirin digirgir, ka zama farfesa, ɗaliban likitanci su riƙa miƙewa in ka shigo aji, amma doka ba ta ba ka ikon duba majinyaci ka rubuta masa magani ba. Jami'a shaidar karatu take bayarwa, lasisin aiki kuwa yana hannun hukumomi, kuma kowace sana'a da tata. Likitoci da likitocin haƙori suna ƙarƙashin MDCN, ma'aikatan jinya da ungozoma suna ƙarƙashin NMCN, masu harhaɗa magunguna na PCN ne. Masu gwaje-gwajen asibiti kuma na MLSCN ne, wadda dokar 2003 ta kafa, kuma a nan ne 'yan ilimin ƙananan halittu suka fi cin tuntuɓe. Yaro ya shekara huɗu yana leƙa madubin likita, yana shuka ƙwayoyin cuta a faranti, sai ya ɗauka in ya ƙara mastas zai iya sa hannu a takardar gwajin jinin majinyaci. Ba zai iya ba. Wannan hurumin wanda ya yi digirin kimiyyar gwaje-gwajen asibiti ne, na shekara 5, ya ƙara shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, aka yi masa rajista.

Ina jan wannan magana ne saboda na ga inda rashin saninta ke kai mutum. A garuruwanmu duk wanda ya sa farar riga dokta ne. Saurayi ya gama mastas, aiki bai samu ba, mahaifiya tana tambaya, "Wai kai mi kaka karantawa har yanzu?" Sai ya kama shago a bakin kasuwa, ya jera magunguna, ya sayi abin awon jini. Yau ya yi wa wannan allura, gobe ya ɗaura wa waccan ruwa, jibi an kawo masa mai naƙuda. Sunan dokta yana da daɗi a kunne, ba na musu. Amma malamanmu na fiƙihu sun daɗe da yanke hukunci cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da sanin magani ba, duk ɓarnar da ta auku tana wuyansa. Dokar ƙasa ma haka ta ce. Karatun da ka yi na gaske ne, kada ka mayar da shi rigar sojan gona.

To in zuciyarka ta kafe a kan duba majinyata fa? Hanya a buɗe take, sai dai doguwa ce. Ka nemi shiga kai-tsaye da digirinka na farko. Galibin jami'o'i suna son sakamako mai daraja ta biyu ta sama, gurabe kaɗan ne domin hukumar likitoci ta ƙayyade wa kowace makaranta adadin da za ta ɗauka, masu nema kuwa tuli. In ka samu, shekara 5 ne a gabanka, da ɗaya ta sanin makamar aiki. Ka zauna da mahaifinka ku yi lissafin nan da yatsu: shekarunka nawa yanzu, wa zai ciyar da kai, maganar aure fa? Na san waɗanda suka bi wannan hanya suka fita, yau suna aiki a asibitoci, ba su yi nadama ba. Kuma likitanci ba shi kaɗai ne aikin lafiya ba. Ga aikin jinya da ungozoma, wanda kwalejinsa ke nan Tambuwal a ƙofar gidanku. Ga kwalejin fasahar kiwon lafiya ta Sarkin Musulmi Abdurrahman a Gwadabawa. Ga kimiyyar gwaje-gwaje, da ɗaukar hoton cikin jiki, da harhaɗa magunguna a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Kowanne cikin waɗannan yana ƙarewa da lasisi a hannu. Mastas ba ya ƙarewa da shi.

Kada ku ji haka ku ɗauka na raina digiri na biyu. Da na raina shi da ban ɓata ƙuruciyata a kansa ba. Aikinsa daban ne, kuma yankinmu yana cikin wuraren da suka fi kowa buƙatarsa.

Ku ɗauki sanƙarau. Babu gidan da bai san shi ba a ƙasar nan. Da zarar hunturu ya juya, zafi ya kunno kai, ƙura ta tashi, iyaye mata sun fara taɓa wuyan yara. A 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe sama da 11,000. Ƙwayar da ke haddasa shi iri-iri ce, an raɗa musu haruffa, kuma a da nau'in A ne ke yi mana ɓarna. Daga 2011 aka fara yi wa jama'a rigakafin MenAfriVac, nau'in A ya kwanta, muka ce an huta. Ashe wani sabon nau'in C yana tasowa, kuma a jihar Sakkwato aka fara ganinsa a 2013. A 2017 ya bazu a Zamfara da Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja, aka ƙirga mutum sama da 14,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 1,100 suka rasu. Rigakafin A ba ya maganin C. Likitan da ke gaban yaro yana ganin zazzaɓi da sandarewar wuya, amma idonsa ba zai gaya masa harafin ba. Sai an ɗebi ruwan ƙashin baya, an adana shi yadda ƙwayar ba za ta mutu a hanya ba, an kai ɗakin gwaji, wani ya zauna ya tantance. Da amsar wannan mutumin ake sanin wace allura za a nemo wa jiha guda. A watan Maris na 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabon rigakafi mai kariya daga nau'i biyar a allura ɗaya. Duk da haka a farkon 2025 cutar ta sake ɓulla a Gwandu da Aliero da Jega, nan kusa da mu, tafiyar da ba ta kai ta yini ba ko a kan babur.

Ko ku tuna abin da ya faru da maƙwabtanmu na Anka da Bukkuyum a 2010. Yara suna suma suna mutuwa a Dareta da 'Yargalma da wasu ƙauyuka, ana cewa zazzaɓin cizon sauro ne, ana cewa sanƙarau ne, wasu na cewa iska. An ba da magungunan da aka saba, ba su yi ba. Sai da aka auna jininsu aka ga gubar dalma ce, daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, yara suna rarrafe a kan ƙurar. Yara sama da 400 suka tafi. Wanda ya gano dalma a jini, da wanda ya auna ta a ƙasar tsakar gida ya ce a kankare a zuba sabuwa, ilimin da ake koya muku a bayokemistiri suka yi aiki da shi. Mafi yawansu daga waje suka zo. Wannan ya daɗe yana ci mini rai.

Matsalolin da ke jiran mai bincike a nan ba su ƙarewa. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya nuna jihar Kebbi ce kan gaba, kusan rabin ƙananan yaran da aka gwada suna ɗauke da ƙwayar, shi ya sa aka fara rigakafinsa a can da Bayelsa a watan Disamba na 2024. Sauro ba ya tsayawa a kan iyakar jiha. Ga tsargiya a wajen yaran da ke wanka a fadamu. Ga sikila, da aurenmu na zumunci. Ga cutar noma mai cin fuskar yara, wadda aka gina wa asibiti na musamman a Sakkwato tun 1999, amma sai a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Ga magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake saya a tire a kasuwa ana sha kamar gyaɗa, har ƙwayoyin sun fara daina jin su. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ishi ɗalibi abin bincike na shekara biyu, kuma kai da ka tashi a nan ka fi baƙo sanin wace unguwa za a shiga, wane mai gari za a fara gaisarwa, da wane harshe za a roƙi uwa ta bari a ɗebi jinin ɗanta.

Kuma binciken cuta ba baƙon abu ba ne a gidan nan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan'uwan Buhari ɗan Shehu wanda ya zauna Tambuwal, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na basur da na ciwon ido, yana kuma riƙe da ragamar daula. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Masalihul Insan a kan abin da ke gyara addinin mutum da jikinsa. In wani dattijo ya ce maka binciken cuta aikin Nasara ne, ka tuna masa cikin ladabi.

Yanzu in ka yanke shawarar yin mastas ɗin da idonka a buɗe, abu na farko da za ka nema malami ne, kafin ma sunan jami'a. Digiri na biyu a kimiyya kamar koyon ƙira yake, a gindin maƙeri ake yinsa. Darussan aji ba su wuce zango biyu ba, sauran duk bincike ne a ƙarƙashin mutum ɗaya da zai duba aikinka. In mai himma ne, yana da aikin da yake yi, yana buga sakamakonsa a mujallun ilimi, za ka fita da sana'a a hannu. In wanda babinka zai kwana wata huɗu a bayan motarsa ne, za ka fita da takarda da furfura. Kada ka tambayi malamin game da kansa. Ka nemi ɗalibansa biyu ko uku, ka saya musu shayi, ka ce shekara nawa suka yi, sau nawa suke ganinsa a wata. Za su gaya maka, wani ma har da ƙari.

Sannan ka shiga ɗakin gwajin da idonka. Kada hoton da ke kan takardar talla ya ruɗe ka. Na'ura tana iya zama sabuwa fil cikin leda, shekara uku ba a kunna ta ba don babu sinadaran da take aiki da su. Ka tambayi wuta. Ni na ɗanɗana wannan. Na shafe wata biyar ina tara samfurin jini, ina bin asibitoci da kulan ƙanƙara a bayan babur, na zuba su a firizar sashenmu. Aka tafi hutu, wuta ta ɗauke, janareta babu mai, babu wanda ya kira ni. Da na dawo na buɗe, warin ne ya fara ba ni labari. Wani abokin karatuna ya ja ni gefe ya ce, "Malam, wa zai sani? Cika teburinka kawai." Na kwana biyu ina juya maganar, ba zan ɓoye muku ba. Daga baya na sake tarawa daga farko, ya ci mini shekara guda. Ina roƙonku da girman Allah, kada ku ƙirƙiri lamba, kada ku sayi kundin bincike a shagon kwamfuta. A wani fannin ƙaryar takan tsaya a kan kanta a laburare. A namu wani yana iya ɗaukarta ya gina shawarar magani a kai.

Maganar lokaci da kuɗi kuma, a takarda shekara ɗaya da rabi ne zuwa biyu. A zahiri ka shirya wa uku. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas. Kuɗin makaranta shi ne ƙaramin abu. Sinadarai, da kayan gwaji da akan sayo da dala, da kuɗin mota zuwa ƙauyuka, su ne ke karya ɗalibi, kuma yawanci daga aljihunsa suke fita. Ga halin tsaro, wanda ya sa wasu ƙauyukan Kebbe da ma na Tambuwal ba a shiga sai an tambayi hanya. Ka zaɓi tambayar da aljihunka da ƙafarka za su iya kaiwa ƙarshenta. Ƙaramin bincike da aka yi da kyau a gari ɗaya ya fi babban take da aka cika da ƙiyasi.

Wuraren da ake aiki na gaske suna nan, in an nema. A Jami'ar Usmanu Danfodiyo akwai cibiyar binciken lafiya ta CAMRET, wadda aka yi gwajin korona a cikinta a 2020. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai cibiyar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci. Akwai shirin horar da masu bin diddigin annoba, NFELTP, wanda aka fara a 2008 tare da jami'o'in Zariya da Ibadan, shekara biyu ne mafi yawansu a fagen aiki, sai dai ma'aikatan lafiya masu lasisi ya fi ɗauka. A Ede ta jihar Osun akwai cibiyar Farfesa Christian Happi, wadda ta taimaka wajen tabbatar da Ebola a 2014, ta kuma fara karanta tsarin halittar ƙwayar korona a Afirka a 2020. A Jami'ar Ghana akwai WACCBIP, mai ɗaukar ɗalibai daga duk Afirka ta Yamma. Masu hangen Ingila kuma su nemi tallafin Commonwealth ko Chevening, na biyun yana son shekara biyu na aiki kafin a nema, da alkawarin dawowa gida. Wanda zai tafi da kuɗin gonar gado, ya sani cewa mastas ɗin can ma ba lasisi ba ne, kuma tun Janairun 2024 ba a barin mai irin wannan karatu ya tafi da iyali.

Aiki fa? Ba zan yi muku romon baka ba. Mai mastas yakan fara da mataimakin malami a jami'a, kamar ta Jihar Sakkwato, ko ta Aliero, ko ta Tarayya da ke Birnin Kebbi, ko ya koyar a kwalejojin jinya da na kiwon lafiya. Akwai cibiyoyin bincike, da hukumar NAFDAC, da NCDC, da ƙungiyoyin agaji masu aiki a jihohinmu. Gurabe ba su kai masu nema ba. Wanda na ga yana samu shi ne wanda ya fita da abin da hannunsa ya iya: ya san sarrafa na'urar PCR ba a allo kawai ba, ya iya lissafin ƙididdiga a kwamfuta, ya iya rubuta rahoto da Ingilishi mai tsabta. Waɗannan ukun ka kama su tun zangon farko, ko malami ya koyar ko bai koyar ba.

Ku kuma ƙannena mata, kalma ɗaya. Akwai ɗakunan da namiji ba zai taɓa shiga ba, akwai tambayoyin da mace ba za ta amsa wa namiji ba, game da haila da ciki da jego da abin da take ba jaririnta. Rabin binciken lafiyar yankin nan yana jiran ku. Amma ku yi maganar karatun a fili tun kafin a sa rana, a gaban waliyyai, a san cewa akwai kwanakin da gwaji zai riƙe ki har bayan la'asar. Na ga kundaye da yawa da suka tsaya a babi na uku saboda ba a yi wannan magana ba.

Saurayin nan ya yi shiru yana tonon ƙasa da tsinke, can ya ce, "To Yaya, ni yanzu wanne zan yi?" Na ce wannan ba ni zan faɗa ba. Na tambaye shi dai: in ka rufe ido ka ga kanka nan da shekara goma, gadon majinyaci ne a gabanka ko madubi? Bai amsa ba, kuma ban matsa masa ba.

Ku ma ban ce ku amsa yau ba. Roƙona shi ne, duk wanda ya yi niyya a cikinku, kafin ya biya kuɗin fom, ya shiga motar Sakkwato da sassafe. Ya je sashen da ƙafarsa, ya ga ɗakin gwajin, ya zauna da ɗaliban da suka riga shi, ya tambayi wace hukuma ce za ta yi masa rajista in ya gama, in akwai. Ya dawo ya gaya wa mahaifinsa abin da ya gani, ba ragi ba ƙari. Kafin nan, a bar bijiman a turke.